Yadda Kwamfuta Ta Ba Taubashina Takina

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, takin zamani ya yi mana wuyar gani a Masanawa. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, abin da ƙungiyarmu ta manoma ke samu ba ya isar kowa. Ni kuwa masara na shuka a gonar bayan gari, masara kuma ba ta san haƙuri ba. In ba ka ba ta taki a kan kari ba, sai ta yi rawaya ta tsaya tana kallonka.

Shugaban ƙungiya ya tara mu ya ce zamanin son kai ya wuce, yanzu tsoron Allah za a yi, ga shi ma wani Alhaji ya saya mana kwamfuta, wadda ba ta san ɗan uwa ba. Muka ce madalla. Wanda aka ɗora a kanta ɗan ƙanwata ne, magidanci da iyalinsa. Gidan kallo gare shi a Kabo, da Shari'a ta sa aka rufe sai ya tafi birni ya yi ɗan kwas ɗin kwamfuta, ya dawo da tabarau. Ni da karatuna ya tsaya a firamare, sai da na gyara hula kafin in shiga ofishin.

Ya nuna mini abin. Wani ɗan akwati ne a fuskar gilashin kwamfutar, in ya taɓa shi sai sunayenmu su zubo a jere. Wanda ya cancanci taki sai a danna sunansa ya yi shuɗi, an zaɓe shi ke nan. A gabana ya danna nawa.

"Kawu, ka ga ka yi shuɗi. Buhu biyu."

"Shuɗin nan ba ya zuba in an wanke?"

"Kawu, wannan ilimi ne, ba rini ba."

Na koma gida na gaya wa masarata ta kwantar da hankalinta.

Ana gobe rabo, Alhajin ya zo ganin abin da kuɗinsa ya saya. Aka zubo masa sunaye, ya yi ta dubawa, sai can ƙarshe ya ga nasa, ƙarƙashin na wanzamin gari, don shi ne ya shiga ƙungiya daga baya. Gyaran murya kawai ya yi. Shugaba kuwa kamar ƙasa ta tsage ya shige. A garinmu ko goron biki ake rabo, daga babba ake farawa, balle a gilashin da mutum ya saya da kuɗinsa. Nan take aka ɗauko Alhaji aka aza shi a sama, kowa ya sauka mataki ɗaya. Aka buga takarda, aka danna mata hatimi.

Ranar rabo na je da kekena da igiyar roba. Mai sito ya yi ta kira, ban ji kaina ba. Sai na ji an kira taubashina, ɗan goggona, wanda sunansa ke saman nawa a jerin. Mutumin nan gidansu masu shanu ne, garkensa a gonarsa yake kwana, bai taɓa neman takin buhu ba. Kallo ma ya zo yi. Ya miƙe a natse ya sa aka ɗora masa buhu biyu.

Na faɗa ofis. Ɗan ƙanwata ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Kawu, ashe ba sunanka ta riƙe ba, gurbinka ta riƙe. Da kuka sauka, shuɗin ya tsaya inda yake. Kai ka faɗa gurbin wanda ba a zaɓa ba."

"Wato in na matsa a sahu, sai ladana ya koma wa na kusa da ni?"

"Da a ce da lambar katinka na ƙungiya aka ɗaure zaɓin, da ko ina ka je zai bi ka. To wanda ya haɗa abin bai ɗaure ba."

"Jakina ma ko na sauya wurin tsayuwa yana gane ni."

Na ce gyara mai sauƙi ne, a mayar da Alhaji ƙasa. Shugaba ya ce a'uzubillahi. Na ce to a sake dannawa. Ya ce takarda ta sha hatimi, taɓa ta cin amana ne, kuma yanzu ba zamanin da ba ne.

Da la'asar na sami taubashina a ƙofar gidansa, zaune a kan takina, ya harɗe ƙafa.

"Sannu da zuwa, talakana. Gaisuwa ka kawo?"

"Tashi min daga kan kaya, makiyayin banza. Ka ma san ta inda ake buɗe shi?"

"Kwamfuta ta san mutanen kirki. Durƙusa ka roƙa."

Ban durƙusa ba, na dai rage tsawo. Muka daidaita a kan ya ba ni buhu ɗaya, in bar wa shanunsa karan gonata da kaka. Ɗayan ya ce zai ajiye, don ya yi daɗin zama. Na ɗaure nawa a keke na tura shi gida, washegari na zuba wa rabin gonar da ke bakin hanya, inda mutane ke gani.