Ranar Da Na Yi Wa Mai Farfaɗiya Tafi

Lokacin da abin nan ya faru ina karatun digiri na biyu a Doha, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Bincikena a kan yadda marubutan dā suke nuna farfaɗiya ne a wasannin kwaikwayonsu masu ƙarewa da baƙin ciki: babban mutum ya yanke jiki ya faɗi, jama'a su ja da baya suna cewa la'ana ce ta sauko masa. Na cika shafuka ina caccakar wannan jahilci.

Da taron 'yan gida ya matso, sai na rubuta ɗan gajeren wasa irin nasu, muka riƙa gwaji duk Juma'a bayan la'asar a wani ɗakin taro kusa da Asian Town. Wanda zai fito a sarkin yaƙin da ke faɗuwa wani bawan Allah ne mai aikin gadi a Lusail, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Shi ya gyara mini wurin faɗuwar, ya ce jiki yakan sandare tukuna kafin a fara jijjiga. Na tambayi inda ya sani, ya ce ƙaninsa ne ke da ita.

A gwajin ƙarshe, tun ba a zo wurin faɗuwar ba, sai Yaya ya ƙwalla ƙara ya zube. Wallahi tafi na yi, har ina ce wa sauran su koyi aiki. Sai na ga kumfa na fita daga bakinsa, kansa na bugun gefen dandamali, jini na bin kunnensa. Tsoro ya rufe ni. Duk karatuna ya ɓace, ba abin da nake ji sai muryar mahaifiyata tana gargaɗina tun ina ƙarami cewa yawun mai farfaɗiya in ya taɓa mutum ya ɗauka. Na daka tsawa kada kowa ya matsa, har na janye wanda ya yunƙura zai tallabe shi. Mu tara muka manne da bango, muna kallon kansa yana ta buguwa.

Wani ɗan Nepal mai sharar wurin ne ya jefar da tsintsiyarsa, ya naɗe rigarsa ya tura masa ƙarƙashin kai, da jijjigar ta lafa ya juya shi gefe, yana mana tsawar yalla, wato mu yi sauri, a kira motar asibiti.

Yaya ya rayu, amma kunnen nan bai ƙara ji ba. A asibiti ya gaya mini babu wani ƙani, shi ne mai ciwon. Ya ɓoye ne don tsoron kafil, ubangidansa na aiki, ya ce khalas, wato ya sallame shi. Ya ce ya karɓi wasan don yana zaton in ciwon ya taso a gaban mai ilmin farfaɗiya irina, ya tsira. Da ya buɗe ido kuwa, fuskar baƙo ya gani a kansa, mu muna can nesa.

Likitan ya tabbatar mini ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko taɓawa, abin da ni kaina na rubuta da hannuna. Na gane sanin da bai kai ga zuciya ba, ranar tsoro ba ya tsinana komai. 'Yan'uwa, in kun ga wani ya faɗi, kada ku gudu, kada ku cusa masa komai a baki. Ku kare masa kai, ku juya shi gefe, ku nemi taimako. Har yau in zan yi wa Yaya magana, sai na zagaya ta ɗaya kunnen.