Gwaggo Mero da Ƙaramin Kwano

Gwaggo Mero ba ta taɓa yarda cewa mutum yana ƙoshi ba. A ganinta, duk wanda ya ce ya ƙoshi, ko dai kunya yake ji, ko zazzaɓi ne ke shirin kama shi, kuma maganin duka biyun ƙarin ludayi ɗaya ne.

A unguwar Kilomita Biyar da ke birnin Bangui aka haife ta. Mahaifinta Bakatsine ne mai sayar da yadi, mahaifiyarta kuwa 'yar bakin kogi, wadda ta koya mata yaren Sango da miyar ganyen rogo a lokaci guda. Ta yi aure a unguwar Kokoro, mijin ya rasu ba su haihu ba, sai ta dawo gidan ƙanenta Alhaji Uwaisu, mai magaza, wato babban shagon sari, na biskit da madarar gwangwani a bakin kasuwa. Wata uku ta zo yi. Bana shekara goma sha shida ke nan, kuma tun a mako na biyu madafin gidan ya koma hannunta. Matar gidan, Jamila, ba ta yi gardama ba, domin ta ɗanɗana miyar.

Dokarta ɗaya ce: mata da yara a faranti ɗaya suke ci. Kwanon mutum ɗaya, in ji ta, na baƙo ne ko na majinyaci.

Ikilima, babbar 'yar gidan, ta zo duniya a 2014, shekarar da rikici ya sa unguwar ta zama kamar kwalba da marfi, ba shiga ba fita. Kaya suka daina isowa magaza, nonon Jamila ya ƙi wadata, jaririyar ta kai wata bakwai hannunta kamar tsinken tsire. Abin da ya saura a magaza shi ne fasasshen biskit da ba mai saye. Mero ta riƙa jiƙa shi a ruwan ɗumi tana ba yarinyar da yatsa, kuma yarinyar ta rayu. Tun daga ranar Mero ta saka fasasshen biskit a sahun magunguna.

Da hanya ta buɗe, sai maganin ya yawaita, domin hanyar Duwala, wadda motocin kaya ke biyowa, ba ta tausayin biskit. Kowace mota da katan ɗinta da ya murƙushe, kuma duk gida ake kawo su, tunda ba a zubar da abinci. Ikilima har bokitinta gare ta. Mero takan kama kumatunta ta duba, kamar manomi a tsakiyar gonarsa.

Tana da shekara goma sha ɗaya aka lura tana haki in ta tsallaka tsakar gida da sauri, ga wani baƙi a bayan wuyanta. Mero ta yi mako guda tana dirzarsa da soso bai fita ba. Aka kai ta asibitin unguwa, inda wata ma'aikaciyar jinya, Malama Ruƙayyatu, ta duba ta, ta tambaya ko akwai mai ciwon suga a dangi, aka ce akwai biyu. Ta fitar da yarinyar waje, ta ce wa uban tana da magana uku. Ta farko, nauyin ya wuce kima, a kula tun da wuri. Ana nan wayar Alhaji ta yi ƙara, direbansa ya maƙale a kan iyaka. Sauran biyun ba su same shi ba.

Alhaji Uwaisu mutum ne mai cika aiki. A ranar ya kai 'yarsa magaza, ya ɗora ta a kan sikelin da ake auna buhuna, ya daidaita ƙarfen, ya karanta lambar da ƙarfi yadda ya saba. Wani ɗan dako ya miƙo hannu zai sauke kayan, sannan ya tuna yarinya ce. Daga nan Alhaji ya kafa doka: a kulle biskit, a ware wa Ikilima kwanonta, ganye ba mai, gozo, wato tuwon rogo, kamar ƙwan kaza, awo kuma duk Juma'a.

Mero ta bi doka, domin gidansa ne. Ta nemo ƙaramin kwanon silba ta zuba. Ikilima ta ɗauka ta koma bakin ƙofa, ta juya wa faranti baya. Ƙannenta mata, Khairiyya da Ikram, suka raɗa mata suna Buhu. A mako na biyu kwanon ya fara dawowa yadda aka kai shi, Alhaji ya ce alhamdu lillahi, an fara ganin ci gaba.

Wajen shara Mero ta gano sauran labarin. A ƙarƙashin katifar yarinyar ta tarar da takardu masu maiƙo, irin waɗanda ake naɗe makala, soyayyen fanken nan, a ƙofar makaranta. Da azahar kuma ta hango ta bayan duron ruwa, a tsaye, tana tura abu a baki da sauri tana waige-waige. Mero ta ga yunwa a 2014, ta san kamanninta sarai. Wannan ba ta taɓa ganin irinta ba. Yarinyar da ta ciyar da yatsa ta koma cin abinci kamar ɓarauniya a gidan ubanta.

Washegari ta yafa mayafi ta tafi asibiti ita kaɗai.

"Malama, ke kika ce a ware mata kwano?"

"Ni? Gwaggo, cewa na yi a gyara tukunyar gidan gaba ɗaya, kada a ware ta. Na kuma ce kada wanda ya yi mata maganar kilo."

"To, an yi mata. Har 'yan dako sun ji."

Malama Ruƙayyatu ta dafe kai. Ta ce a rage mai da zaƙi ga kowa, a ƙara ganye, yarinyar ta riƙa motsa jiki, kuma kada a mayar da wani abinci haramun, domin abin da aka kulle shi yaro ke mafarki. Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma in ta ce ta ƙoshi, a yarda."

"Haka kawai?"

"Haka kawai."

"Ba bincike?"

"Ba bincike, Gwaggo."

Mero ta fito tana ganin an rage darajar aikin asibiti a zamanin nan.

Da rana ta zuba wa kowa a babban faranti kamar kullum, ta zuba na Ikilima a ƙaramin kwano, amma ta saka busasshen kifi da yaji a ganyen. Sai ta wanke hannu, ta je bakin ƙofa ta zauna a ƙasa.

"Matsa min."

"Gwaggo, nawa ne. Na masu ƙiba ne."

"To ni me kika gan ni, sandar rake? Matsa."

Suka ci su biyu, abincin bai isa ba, Mero ta tashi ta ƙaro. Kwana biyu ana haka, sai Khairiyya ta lura cewa duk inda Gwaggo ta sa hannu, can kifi yake. Ta matso. Mero ta ce kwanon nan ba a shiga da sunan Buhu a baki, Khairiyya ta ce ita dama Ikram ce ta fara. Hannu uku suka yi wa kwano yawa, aka sauya da wanda ya fi shi. Ikram ta biyo. Jamila ta ga an bar ta ita kaɗai da faranti guda na man ja, ta yi kwana ɗaya tana nuna ba ta damu ba, sannan ta jawo tabarmarta. A rana ta tara, babu kwanon da zai ɗauki hannu biyar sai babban farantin. Mero ta zuba a ciki. Man miya ya sauka daga ludayi uku zuwa ɗaya, kuma ba a yi sanarwa ba.

Ranar Juma'a Alhaji ya tsaya a ƙofar madafi yana gyara hula.

"Yaya, yau ranar awo ce."

"Sikelin nan na mene ne, Uwaisu?"

"Na kaya."

"To a kai masa kaya."

"Yaya, lafiyarta nake nema."

"Na sani. Ni ma ita nake nema, kuma ni na ɓata. Amma ni na goya ka, na san nauyinka tun kana yawo ba wando, ban taɓa faɗa wa 'yan dako ba."

Alhaji ya dubi cikinsa, wanda ya riga shi shiga madafin, ya ce zai makara masallaci. Tun daga ranar, abincin da ake kai masa magaza daga tukunyar nan yake fitowa. Ya ce miyar ta canza, aka ce masa man ja ne ya yi tsada, ya gamsu, domin magana ce ta kasuwa.

Biskit bai bar gidan ba. Duk Juma'a bayan la'asar ana fito da shi a tsakar gida tare da shayi, kowa ya ɗiba a gaban kowa. Sauran ana ƙulla shi a leda a sayar da araha a kasuwa, inda 'ya'yan wasu ke saye. Mero ta ce ba za ta iya gyara Bangui gaba ɗaya ba. Ta kuma gano cewa gwiwoyinta na bukatar tafiya da 'yar rakiya, don haka sau uku a mako ita da Ikilima suke takawa zuwa Kokoro gaishe da dangin mijinta, mutanen da ta yi shekaru tana gudu. Har yau suna mamakin wannan ƙauna.

Awo ya koma asibiti, bayan wata uku-uku, ƙofa a rufe. Malama Ruƙayyatu takan ce ana tafiya daidai, a hankali. Takardun maiƙo sun daina bayyana a ƙarƙashin katifa.

Wata rana da azahar, ana tsakiyar ci, Ikilima ta janye hannu daga faranti, ga sauran gozo a gabanta.

"Gwaggo, na ƙoshi."

Ludayin Mero ya riga ya tashi daga tukunya, cike da miya, yana rabin hanya. Jamila ta daina tauna. Mero ta dubi yarinyar, ba alamar kunya, ba alamar zazzaɓi. Ta daɗe hannunta a sama, sannan ta mayar da miyar cikin tukunya, ta rufe.

"To," in ji ta. "Je ki wanke hannu."