Mai Awon Jakunkuna a Kerteh

A ɗakin jiran jirgi mai saukar ungulu na garin Kerteh, wani tsoho ne ke auna jakunkunanmu kafin a kwashe mu zuwa rijiyar mai a tsakiyar teku. Rigar aikinsa ta koɗe, ta kuma yi masa yawa a kafaɗa. Yana ɗora jaka, ya dubi sikeli, ya sauke. Ba ya kallon fuskar kowa.

Na kusa da ni ya raɗa min cewa Haji Deraman ne, wanda ya kafa kamfanin jiragen. Jirage shida gare shi a da, har ranar da ɗaya ya faɗa teku da ɗansa da ma'aikata tara. Shekara goma sha ɗaya wurin na rufe. Yau aka sake buɗewa da jirgi guda.

Ina ta duba fuskarsa ko zan ga murna ko fargaba, babu ko ɗaya. Wataƙila duk abin da zai ji ya gama jinsa tuntuni.

Wani mai walda ya dire jakarsa yana dariya. "Baba, wannan karon dai za a dawo da mu ko?"

Tsohon ya gyara zaman jakar a kan sikeli.

"'Yata ce za ta tuƙa ku," in ji shi, kamar mai faɗin lokacin tashi. "Ita kaɗai ta rage min."

Ya miƙa masa jakar, ya ce, "Na gaba."

Ni ne na gaban. Na ɗora tawa.