Sunan da Yero Bai Taɓa Faɗa Ba

Duk mai zuwa kara a Kontagora ya san Yero, ko da a ido ne. Dogon Bafulatanin nan ne mai furfura a gemu, wanda ke lallashin shanu su hau tirela bayan masu duka sun gaji. Ni Ruka, tuwo nake sayarwa a bakin karar, kuma tuwona yake ci tun zuwansa garin nan. Amma ba a rumfa ba. Sai ya ɗauki kwano ya zagaya baya, ya juya wa duniya ƙeya kamar wanda ya sato. Na yi masa tsiya har na gaji. Ya ce, "Hajiya, namiji ba ya tauna a gaban mutane." Hajiyar ma shi ya ba ni, ko filin jirgi ban taɓa gani ba.

Daga Afirka ta Tsakiya ya fito, lokacin da yaƙi ya tashe su. Shanunsa sun salwanta, matarsa ta rasu a hanya, 'ya'yansa mata biyu ciwo ya ɗauke su a Kamaru. Kada ku zaci zama ya yi ya ba ni labari. Tsinta na yi ɗaya-ɗaya, shekara da shekaru. Motar shanu ya biyo har nan, ya maƙale. Fulanin garin nan suna gaisawa da shi, amma ba su san rugarsu ba, ba su san kakansa ba, Fillancin ma ba iri ɗaya ba. Ran Sallah kowa ya watse gida, shi sai ya zauna cikin kara babu ko ɗan maraƙi. Ina ganinsa haka sai tausayi ya hana ni sakat.

Da 'yan bindiga suka addabi yankin Mariga, zama Bafulatani marar takarda ya zama masifa. Rannan aka sauke shi daga mota a hanyar Kasuwan Garba, aka tsare shi yini guda, sai da sarkin kara ya je ya tsaya masa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni na ja shi zuwa wurin Barista Cecilia, 'yar Rijau ce, lauyar wata ƙungiya mai taimakon 'yan gudun hijira, tana zuwa mana daga Minna. Ta ce yana da haƙƙin neman mafaka, a ba shi kati ya zauna da kwanciyar hankali. Ita ta kai shi Abuja aka yi masa tambayoyi.

Ta dawo tana huci. "Inna Ruka, tsohon nan zai kashe ni! An ce me aka yi muku, ya ce ƙaddara ce. An ce kana tsoron komawa, ya ce Alhamdulillahi." Da ƙyar ta tatso abin da za a rubuta. Da aka tambaye shi 'ya'ya, ya ambaci 'yan matan nan biyu da suka rasu kawai. Aka ce su je su jira hukunci.

Ana cikin jiran, wani direban tirela da ya yi lodi a Kamaru ya zauna cin tuwo a rumfata. Cikin hira ya ce a wani sansani kusa da iyaka akwai saurayi da ke tare motocin shanu, yana cigiyar babansa mai suna Yero. Sai na ji kwano ya faɗi a bayan rumfa. Can Yero ya leƙo, fuskarsa ta canza, ya ce, "Hajiya, kira mini lauyar nan."

Da Cecilia ta zo ta ji, ta dafe kai. "Baba, kana da ɗa namiji, ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ɗan fari ne, 'yata."

Ni da ita duk mun gane. Bafulatani ba ya kama sunan ɗansa na fari, ba ya ma nuna ya san da shi. A ruga wannan ba ya cutar da kowa, don akwai baffa, akwai goggo, akwai mai cewa wane ɗan wane ne. To Yero wa ya rage masa? Yaron ya ɓace tun ranar da aka tarwatsa su, kuma duk wanda ya halarci sunansa yana ƙarƙashin ƙasa ko ba a san inda yake ba.

Cecilia ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce masu haɗa dangin da suka rabu ba za su nemi yaro babu suna ba. Ta ce kuma idan aka ƙara ɗa yanzu, ana iya cewa maganarsa biyu ce, katin ya suɓuce, ko da yake za ta yi bayanin al'adar iyakar ƙoƙarinta.

Ya ce, "Katin ya daɗe bai suɓuce ba."

"To faɗi sunan, Baba. Zan ɗauka a waya in tura musu."

Nan fa ake yin ta. Mutumin da ke riƙe ƙahon bijimi, sai ga shi yana gumi a kan benci. Ya ce ko in ya faɗi sunan kakan da aka mayar wa yaron ya isa? Ta ce a'a, sai dai ya ce ɗana wane. Na ga ni ce na yi yawa a wurin. Na ɗauki bokiti na tafi famfo, alhali randata cike take. Ban ji sunan ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Da na dawo, na tarar Yero ya juya yana fuskantar zana. Cecilia na share ido. Na ji yana cewa a hankali, "Ashe haka yake a baki."

Damina ta wuce kafin amsa ta zo. Cecilia ba ta yarda ta faɗa a waya ba, ta taso takanas. Saurayin can ɗan wani Yeron ne, sunan bai dace ba. Maganar kati kuma an ɗage, sai an sake yi masa tambayoyi. Ni na fashe da kuka a gaban masu sayen tuwo, ban ji kunyar kowa ba. Shi ko gezau. Ya daɗe yana kallon tirelar da ake lodi, sannan ya ce, "'Yata, sunan yana nan a wurinsu?"

"Yana nan, Baba."

"To ki roƙe su kada su goge. In na mutu, a samu mai kiransa."