Bencin Bakin Tashar Tsafe da Kunnen Husaina

Duk ranar kasuwar Tsafe, kafin masu hatsi su kwance buhuna, Malama Balkisu ta kafa bencinta a bakin tasha. Tsohuwar malamar firamare ce. Malam Yahuza na jingine da babur ɗinsa, Zakari na jera iyaye. Aikinsu ɗaya: su gaya wa uba makarantar da zai kai ɗansa, da watan da ake ɗauka, da abin da zai ce in an kore shi. Wata rana suna Bungudu, wata rana Damba. Ba wanda ya aike su.

Ni mai wagga magana ban taɓa zama aji ba, ban kuma ji kunya ba. Agana ta kwantar da ni, ta gaji ta bar ni. Yunwar da ta watsa Kucheri ta iske ni tsaye, ta wuce ina tsaye. Amma wani hedimasta da na girmi ubansa ya mai da ni gida ina haɗiyar zuciya.

Jikata Husaina na kai masa. Ya ce ta ɗora hannu ta bisa kai ta kamo kunne, wai da haka ake gane wanda ya isa shiga. Gajera ce, haka uwarta take. Hannu bai kai ba. "Baba, a dawo baɗi." Baɗi ma haka. Ƙanenta ya shiga, ita tana leƙe ta taga. Har wani marar kunya ya ce in riƙa rataye ta a reshen mangwaro hannun ya miƙe.

Na kai ƙara benci. Malama Balkisu ta ce, "Baba, shekarunta nawa?"

"Ina na sani? Shekarar da fara ta cinye mana gero aka haife ta."

"To wa ya yanke mata cibi?"

Washegari Yahuza ya goyo Inna Hafsat ungozoma a babur har ofishin hedimasta. Tsohuwa ta leƙa aji ta ce, "Ɗan nan, rabin waɗanga yara ni na wanke su, duk bayan Husaina aka haife su."

Hedimasta ya ce, "Haka muka tarar ana yi."

Malama Balkisu ta ce, "Malam, kunne za ka koyar ko yarinya?"

A ranar aka ba ta wurin zama.

Yanzu ga abin da ke ƙona min rai. Mun samu jiharmu, kullum rediyo na yabon masu manyan riguna, ban ji an ambaci mutanen nan ba. Kwanan baya ma aka ce su ɗauke benci, wai ya tare hanya. Iyayen da suka amfana suna tsaye suna kallo. Ni kaɗai na hau shi na zauna, na ce a ɗauka da ni.

Balkisu, ke ce uwar waɗanda aka ce su dawo baɗi. Yahuza, kai ne ka ƙarar da tayoyinka a kan 'ya'yan da ba naka ba. Zakari, na gode. Allah Ya saka muku, Ya jiƙan mahaifanku.

Ku kuma da kuka yi boko kuka kulle bakinku, kowa ya nemi benci a garinsu ya zauna.

Husaina tana aji huɗu. Jiya na sa ta gwada, har yau hannun bai kai kunne ba. Da hannun nan ta rubuta duk wannan da na faɗa.