Agogon Babana da Aka Kwashe wa Ciki

Agogon babana ba ya cin pil, wato batir. Kowace safiya a murza masa kai, shi ke nan sai gobe. Da shi ya yi dillancin shanu a kasuwar Dakoro tun ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, da ya rasu kuma ni aka ba. Ina koyarwa a wani ƙauye wajen Mai Yara gilashinsa ya tsage. Gilashin kawai, agogo na tafiyarsa lafiya lau.

Na kai wa wani mai gyara da ke da tebur a bakin tasha, mutum mai fara'a, tabarau ɗaure da zare. Ya kara agogon a kunne, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, irin wannan ai an daina yi. Bar mini shi kwana uku."

Na karɓo shi yana walƙiya. Sai dai na ji ba nauyi a hannu, kuma in na murza kan, juyawa kawai yake. Wata biyu ya tsaya cak. Wani tsohon maƙerin azurfa, abokin babana, ya buɗe mini bayansa. Babu komai ciki sai ƴar farar roba da pil kamar ƙwayar magani. An kwashe ƙarafan kaf.

Na koma wurin mai gyaran. Ko kai bai ɗaga ba.

"Haka ka kawo shi, Mushe. Kayan yanzu duk haka suke."

Ban ɗaga murya ba. Na jira hutun lakwal. Ranar kasuwa na zauna a bencin mai shayi da ke kallon teburinsa, agogon a buɗe bisa gwiwata. Duk wanda ya nufo shi da gyara, sai in yi masa sallama in ce, "Malam, leƙa nan tukuna." In ba shi labari daga farko. Wani makiyayi da ya riga ya miƙa nasa ya sa hannu ya karɓe, ya cusa a aljihu. Na ji daɗin wannan har cikin raina.

A mako na uku mai gyaran ya turo mini wani dattijo da ban haƙuri. Na ce a dawo da kayan cikin, magana ta ƙare. Nan dattijon ya faɗi gaskiya: an sayar da su a Maraɗi, ba a san wa ya saya ba. Ya miƙo mini sabon agogo mai ruwan zinari, wai diyya. Na karɓa na ɗaura. Kafin wata ya mutu ruwan ya koɗe, allurar ta faɗo cikin gilashi tana yawo. Sai na koma benci da agogo biyu.

Mai gyaran ya kwashe tebur ya koma cin kasuwar Kornaka. Na hau kabu-kabu na bi shi. Da ya hango ni ina sauka, ya dafe kai.

"Mushe, don Allah, ba ka gajiya?"

"Hutu nake," na ce masa.

Matata ta ce abin ya isa, yayana ma ya kira ni ya yi faɗa. Na bari ne don an koma aji, ba don na huce ba. Yanzu cajin waya mutumin yake yi a wata rumfa bayan tasha. In na biyo ta wurin nakan tsaya, in gaishe shi da kyau, in tambaye shi ƙarfe nawa.