Motar Baba Usta da Gadar da Ba Ta Haye Ba

Muna cikin shekararmu ta uku a unguwar Hadayek el-Maadi ta ƙasar Masar idanun Baba Usta suka fara dushewa. Shi ne mai garejin da ke ƙarƙashin benenmu, shi ya ɗauki maigidana Malam aiki lokacin da tallafin karatunsa ya yanke. Malam ɗan gidan kanikawa ne tun daga Kano, don haka da safe yana wajen darasi, da yamma yana kwance ƙarƙashin mota. Ni ina sama, ta tagar kicin nake jin ƙarar guduma, da muryar tsohon yana faɗa da kowa. Ban da ni. Ni "ya binti" yake ce mini, wato 'yata, in na aika masa da miyar kuka ya ce ta yi kama da baƙin man inji, amma kwanon a siɗe yake dawowa.

A can ƙuryar garejin akwai wata ƙaramar mota koriya a lulluɓe da tamfal, mai kujera biyu, ba ta da rufi, ta girme ni nesa ba kusa ba. Da ita ya yi tsere yana saurayi. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda ce, tana aure a Giza, ciwon suga kuma ya gama cin jikinsa. Wata rana bayan la'asar na sauko da shayi na ji yana ce wa Malam:

"Ina so in je ƙauyenmu in tsaya a kan kabarin uwata kafin a kai ni kusa da ita. A wannan motar za ka kai ni."

"Usta, ga tasi, ga mikrobas."

"Mikrobas na gawa ne da masu kaji. A wannan suka san ni."

Ƙauyen yana wajen Fayum. Daga ranar Malam ya daina barci mai kyau. Injin bai ba shi wahala ba, cikin mako biyu ya tashi. Giyabos, akwatin giya, shi ne matsalar. Ya kwance shi ya hauro da kayan cikinsa falonmu, ya shimfiɗa jarida, ya roƙe ni tsohon farantina na shinkafa yana wanke ƙarafan da kalanzir. Na yi mita, sannan na zauna kusa da shi ina miƙa masa tsumma.

Ya ce, "Kin ga matattakalar benen nan? Giyar titi haka take. Takun farko gajere ne, ko tsohuwa za ta hau, na ƙarshe ne dogo, mota ta miƙe a kan hanya inji yana hutawa. Ta tsere kuwa takun farko ne dogo, don a filin tsere sau ɗaya ake tashi daga tsaye. Sauran ukun manne suke da juna, kuma an gajarta ta daga baya don ta riƙa figa. A babban titi za ta yi ta ihu kamar ana yanka ta."

"To a sa mata ta titi mana."

"A ina zan samu? Na zaga wajen masu tsofaffin kaya, sun ce sai an nemo daga waje, wata biyu ko uku. Kin dubi ƙafafun Usta kuwa?"

Na duba. Sun kumbura har silifas ba ya shiga.

Shi ma tsohon bai yarda a taɓa cikin giyabos ɗin ba. Da Malam ya kai masa maganar, sai ya sa aka ɗora masa haƙoran giyar a cinya, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi.

"Waɗannan ni na sa su da hannuna. Ka cire su, ka cire mata murya. Ɗan Azhar, ka tsaya a nahawunka."

"Usta, kanka ba zai ɗauki ƙararta ba har Fayum. Jiya rediyo ma ka ce a kashe."

"Rediyo ƙarya yake yi, ita ba ta yi."

Sun yi kwanaki suna wannan ja-in-jar, ni ce mai kai shayi tsakaninsu. A ƙarshe suka tsaya a tsakiya. Za a bar giyabos yadda yake, a sauya haƙoran aksul ɗin baya kawai a sa masu tsawo, waɗanda Malam ya samu a gari. Lamba huɗu za ta yi laushi, injin ya yi shiru a kan hanya. Amma Malam ya faɗa a gabana, ya kuma maimaita:

"Lamba ɗaya da ma doguwa ce, yanzu za ta ƙara. Duk tashi daga tsaye kuloci ne zai sha wuya. In muka shiga gosulo mun kaɗe. Sai dai mu fita da sassafe, titi babu kowa."

"Tamam," in ji tsohon. "Khalas, shi ke nan, haɗa ta."

Lokacin ana cikin dokar hana fita, shingayen sojoji a manyan hanyoyi. Shirin shi ne ana ɗage dokar da safe su tashi, ni da 'yarsa mu bi su a tasi da magunguna da abinci. Na kwana biyu ina azumi ina roƙon Allah Ya kai shi lafiya. Na soya kaza, na dama masa kunu ba sukari na zuba a filas.

Abin da babu wanda ya lissafa shi ne unguwa. Muna saukowa muka tarar da layin a cike. Mai burodi, mai guga, maigadin benen da ke kallon namu, tsofaffin yaran garejinsa da suka zama ustoci, wato manyan kanikawa, kowa ya ji Baba Usta zai tafi gida, kuma kowa ya san irin tafiyar. A Masar ba a sallamar babba a tsaye. Aka fito da kujeru, mai gahawa ya rantse da Allah sai an sha shayinsa, wani ya rantse a kan nasa. Malam yana duban agogo yana dubana. Na matsa kusa da tsohon na ce, "Baba, rana tana yi."

"Ya binti, bar su. Yau ce kawai."

Fuskarsa ta yi haske irin wanda na daɗe ban gani ba, ya sa farar jallabiya, yana kiran kowa da sunan ubansa daga jin murya.

Rana ta take sosai kafin mu bar layin. A bakin Nilu motar ta ɗan samu sarari, na hango gashin kan tsohon fari yana tashi a iska, hannunsa a kan hannun Malam a bisa sandar giya. 'Yarsa tana dariya tana share hawaye. Sai muka iso hawan gadar da za ta tsallakar da mu Giza. Shinge ne a sama, motoci sun tsaya tun daga ƙasa. A matsa taku biyu, a tsaya. A kan tudu. Duk matsawa ina jin injin yana kuka motar tana rarrafe, har wani wari ya shigo tasinmu, kamar an manta tukunya a wuta. Direbanmu ya girgiza kai ya ce kuloci ne. Kafin tsakiyar hawan, Malam ya taka, injin ya yi ƙara, motar ba ta motsa ba.

Mutane suka taya aka tura ta gefe. Na isa wurinsu da filas a hannu, ban ma san na ɗauko shi ba. Malam ya kifa goshinsa a sitiyari.

"Ma'alish, ya ibni, ba komai ɗana," in ji tsohon. "Ai ka faɗa mini. Kashe ta, kada ka wahalar da ita."

'Yarsa ta durƙusa ta roƙe shi ya shiga tasin mu ƙarasa. Ni ma na roƙe shi, har na ce don girman Allah. Ya ce a'a, a gyara, ba gudu ƙauyen zai yi ba. Ya karɓi kunun ya sha a zaune a cikin motar, ya tambaye ni ko ana hango ruwa daga nan. Na ce ana hangowa. Ya ce in faɗa masa launinsa.

Kulocin irin nata ma sai da aka nema. Malam ya bar darasi yana yawon kasuwannin ƙarfe. Kafin ya samu an kwantar da Baba Usta a asibiti, bai kuma fito da ƙafarsa ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

A mikrobas muka raka gawarsa ƙauyensu. Na zauna kusa da taga, Malam a gefena, 'yarsa a gaba da mijinta. Muka haye gadar ba tare da tsayawa ba. Bayan Giza hanya ta buɗe, shimfiɗaɗɗiya, rairayi hagu da dama, sai mota jefi-jefi. Ina ta karanta masa Ƙulhuwallahu a zuci. Can Malam ya sunkuyo, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada 'yar ta ji.

"Da a nan motarsa tana lamba huɗu," ya ce. "Da har barci zai yi."